Tambaya da Amsa: Yaya Falle Ɗaya na Atam Ke Zama Maganaɗisu?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ƙa'idar Mermin da Wagner ta hana abin da kaurinsa bai wuce falle ɗaya na atam ba ya zama maganaɗisu. Sai kuma na karanta cewa an samu irinsa a 2017. Ƙa'idar ce ta rushe? Daga wata ɗalibar fizis, Zariya.

Amsa: Malama, ƙa'idar tana nan daram. Abin da ake yawan mancewa shi ne sharuɗɗanta. Abin da David Mermin da Herbert Wagner suka tabbatar a 1966 ya shafi tsarin Heisenberg ne zalla: sifin, wato 'yar allurar maganaɗisun da ilektoron ke ɗauke da ita, yana iya fuskantar kowace kusurwa ba tare da fifiko ba, yana hulɗa da maƙwabta na kusa kawai, fallen ba shi da iyaka, zafi kuma ya haura sifilin ma'aunin kelbin, wato matuƙar sanyi.

Dalilin yana cikin igiyar sifin, wadda ake kira magnon. Idan duk sifin sun fuskanci waje ɗaya, kuzarin tada igiya yana tafiya da k², inda k ke ƙanƙancewa gwargwadon tsawon igiyar. Doguwar igiya kenan kusan kyauta ake tada ta. A dunƙulallen abu irin waɗannan igiyoyi ba su da yawa, jimillarsu tana tsayawa a wani adadi. A falle kuwa jimillar ba ta da ƙarshe, komai ƙanƙantar zafi, sai tsarin ya watse.

A CrI3, haɗin kuromiyom da aidin, wanda rukunin Xiaodong Xu na Jami'ar Washington suka nuna a 2017, sharaɗin farko ne ya faɗi. Atam ɗin kuromiyom suna jere kamar saƙar zuma, kowanne da sifin 3/2, aidin mai nauyi da ke tsakaninsu kuma yana sa su fifita fuskantar sama ko ƙasa. Wannan fifiko yana buɗe giɓi, ya zama sai an biya wani kuzari kafin a tada ko da igiya mafi tsawo. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaramin giɓi ma ya wadatar, domin zafin rushewa ya dogara ne da logarizim ɗin giɓin, ba da girmansa kai tsaye ba. Shi ya sa dunƙulen CrI3 ke rasa maganaɗisunsa a kelbin 61, falle ɗaya kuma a 45, ba a sifili ba. Wani haɗin kuromiyom, Cr2Ge2Te6, da aka gwada a Berkeley a wannan shekarar, fifikonsa ya fi rauni, sai da aka tallafa masa da ɗan maganaɗisu daga waje.

Tambaya: Na rubuta manhajar Monte Carlo, mai kwaikwayon tsari da lambobin ƙuri'a, ta tsarin Heisenberg a allo mai gida 32 sau 32, ban sa fifiko ba, amma na ga maganaɗisu ya bayyana. Ina kuskuren? Daga mai karatun digiri na biyu, Yamai.

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa manhajarka lafiya take, allon ne ya yi ƙanƙanta. A wannan tsari, nisan da sifin ke jituwa da juna yana haɓaka da gudun gaske idan zafi ya sauka. Da zarar ya zarce gida 32, duk allon zai zama tamkar jeri ɗaya. Ka maimaita da 16, 32, 64 da 128, ka lissafa ma'aunin Binder, mai auna yadda maganaɗisun ke hawa da sauka, a kowane zafi, ka zana layi ɗaya ga kowane allo. Idan sauyin zuwa maganaɗisu na gaskiya ne, layukan za su gitta juna a wuri ɗaya. Idan na bogi ne, mahaɗar za ta riƙa zamewa ƙasa duk lokacin da ka faɗaɗa allon.

Kafin haka ma, gwada manhajar da tsarin Ising, inda sifin ke fuskantar sama ko ƙasa kawai, a allo mai murabba'i, wanda Lars Onsager ya warware a 1944. Dole ta ba ka zafin sauyi 2.269 a ma'aunin J, wato ƙarfin hulɗar maƙwabta. Lissafin matsakaici, mai maye maƙwabta da matsakaicin tasirinsu, yana ba da 4 a nan, don haka kada ka yarda da shi a falle ko kaɗan. Kusa da wurin sauyi hanyar Metropolis mai juya sifin ɗaya-ɗaya tana jan ƙafa ƙwarai, ka koma ta Wolff mai juya gungu guda a lokaci ɗaya.

Idan ka zo kan abu na zahiri, tarko biyu ke kama mutane. Wasu marubuta suna ƙirga kowace hulɗa sau ɗaya, wasu sau biyu, sai J ɗin da ka aro ya ninka ko ya rabu biyu ba ka sani ba. Na biyu shi ne tsawon sifin: ga sifin S = 3/2, S² yana ba da 2.25, S(S+1) kuma 3.75. Wannan kaɗai yana sauya zafin da za ka samu da ninki 5/3, don haka ka rubuta a fili wanda ka ɗauka.

Sifin 1/2 kuwa, irin na tagulla a La2CuO4, kada ka ɗauke shi kibiya ta yau da kullum. Ko a sifilin zafi, girgizar kwantum tana rage shi daga 0.5 zuwa kusan 0.3, kuma sai Monte Carlo na kwantum ko lissafin igiyar sifin ne zai nuna maka hakan.