Kafin Ki Cire Kuɗin Mota Daga Jarin Atamfa

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Gana, mazauniyar unguwar Aboabo, ta rubuto tana cewa ta gaji da jiran trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, ta kuma ga wata ƙaramar Kia Picanto ta hannu da arha. Tambayarta ita ce ko ta ciro kuɗin daga jarinta ta saya, tunda ƙaramar mota ba ta shan mai.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ne ba ta shan mai sosai. Injin irin su Picanto, Toyota Vitz da Hyundai i10 ƙarami ne, lita ɗaya kan kai ki wajen kilomita 12 zuwa 15 a cikin gari idan injin na da lafiya. Sai dai cunkoson hanyar Kejetia da safe yana ƙone fetur mota na tsaye, kuma a Gana sau biyu a wata ake sake duba farashin fetur, yana bin dala da kasuwar duniya. Kada ki ɗora lissafinki kan farashin yau kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Motar da aka karyar wa farashi yawanci akwai dalili. Ramukan lungunan Aboabo da Asawase suna cin shokozoba da taya, ga shi motar gajeriya ce, ruwan damina na iya shiga injinta. Kafin ki miƙa ko sidi ɗaya, ki sa makanikin da kika yarda da shi, ba wanda mai motar ya kawo ba, ya kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyara, a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta. A duba giya musamman idan mai canza kanta ce, domin gyaranta na iya lashe ribar wata da watanni. Ki kuma tambayi masu kayan gyara a can ko kayan wannan samfurin suna samuwa a sauƙaƙe. Na Toyota sun fi yawa a kasuwa, shi ya sa Vitz ta fi riƙe darajarta ranar da za a sayar.

Inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, kuwa duk shekara ake sabunta su. Baƙin mai a canza shi kusan duk kilomita 5,000. Sai batir, birki, wanki da kuɗin wurin ajiye mota kusa da kasuwa. Idan kuma ranki na raya miki ki ba yaro ya riƙa yin Bolt da ita, wato hayar da ake kira ta manhajar waya, ki sani inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin haɗarin da ya faru a wajen haya.

Ra'ayina, kada ki taɓa jari. Atamfar da ke shago juyawa take ta dawo da riba, motar kuwa ba za ta ɗauki dilar kaya ba, sai kin ci gaba da biyan mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ki tambayi makaniki da kamfanin inshora, ki haɗa kuɗin hidimar motar na shekara guda, ki raba gida goma sha biyu. Ki riƙa ware wannan adadin daga riba har wata uku. Idan shago bai girgiza ba, ki sayi motar da kuɗin adashe, abin da kika ware ya zama na gyaran farko.