Dagwalon kamfanin itanol: amsa ga tambayar Kawu Alhaji

(An rubuta muryar ne saboda waɗanda ba su da datar saurare)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure barkanmu da dare, ya sanyi, ya aikin rani? Kawu Alhaji, Allah ya ƙara girma, na ji muryarka tun la'asar, ina hanyar dawowa daga Kura ne, sai yanzu na shigo gari. Ka ce ka ga bidiyo a Facebook ana kwarara baƙin ruwan kamfanin itanol (wato sinadarin barasa da ake yin man mota da shi) a gonar rake a Burazil, kana tambaya wai da gaske taki ne, kuma in an samu tanka guda ko za a iya ba tumatir da albasa.

Taki ne Kawu, wannan ba ƙarya. Amma don Allah a saurare ni har ƙarshe, kada wani ya ji rabi ya je ya ƙone gonarsa.

Shi wannan ruwa, abin da ya rage ne a tukunya bayan an tsimar da ruwan rake ko rogo an tace itanol ɗin an cire. Kuma yana da yawa, duk lita 1 ta itanol tana barin lita 10 zuwa 15 na dagwalo. Na rake yana cike da sinadarin fotash, wato harafin ƙarshe na NPK da muke saye da tsada. Naitirojin kaɗan ne a ciki, fosfaros ma haka, saboda haka ba zai raba ka da yuriya ba.

Ni na taɓa riƙe shi da hannuna. Wani abokin aikina ya kawo mini jarka ɗaya daga kudu. Baƙi ne ƙirin, yana da ɗan kauri, warinsa kamar mazarƙwailar da ta ƙone ta kwana. Na yi gaggawa, na zuba shi tsurarsa a kwamin alayyahun da ke bayan gidana. Kwana uku ganyen ya yi yaushi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, saman ƙasar ya yi ɓawo, ga ƙudaje. Wallahi na ji zafin abin, don yarana ne suka shuka shi. Kwamin da na sirka wa da ruwa mai yawa na ba shi kaɗan-kaɗan, shi bai yi komai ba. Dalili, ruwan yana da tsami sosai, ga gishiri.

Su mutanen Burazil ɗin ma ba da daɗi suka koya ba. Da suka tashi da itanol gadan-gadan a 1975, kogi ake juye wa dagwalon. Yana shiga, ƙwayoyin halitta su taru a kansa su shanye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya taso matacce. A 1978 gwamnati ta hana zuba shi a kogi. Daga baya, a 2005, jihar Sawo Fawulo ta kafa ƙa'ida: sai an auna fotash ɗin da ke ƙasarka kafin a faɗa maka yawan da za ka zuba. Wancan bidiyon da ka gani, akwai awo a bayansa. Kuma rake ne, mai cin fotash da yawa, a ƙasar da ruwan sama ke wanke gishiri. Mu fa? Ƙasarmu jigawa ce, damina gajera, rijiyoyinmu kusa. In gona ta yi kanwa, ka san shekarun da ake ɗauka kafin ta dawo.

A Indiya kuma wata hanya suka bi. Suna rufe shi a manyan tankuna ya ruɓe ya ba da iskar gas ta hura tukunyar kamfani, ko su gauraya shi da tukar matsar rake ya zama busasshen taki, ko su ƙafar da shi su ƙone, tokar ta zama takin fotash a buhu. A Amurka, da yake masara suke amfani da ita, dusar dabbobi suke fitarwa. Ni a ganina busasshen takin nan irin na Indiya shi ne namu. Kamfanin da ke yin itanol da rogo yana can Igbesa a jihar Ogun, ka lissafa man tankar da za ta ɗauko ruwa daga can zuwa Kadawa, ai ka sayi takinka ka huta.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wani ya ji wannan ya ce ashe duk ruwan kamfani taki ne. A'a! Ruwan majemar fatu na Chalawa da Sharaɗa da Bompai, wanda ke gangarawa kogin Chalawa da Getsi da Jakara, yana ɗauke da kuromiyam, wani ƙarfe mai guba. Sirka shi da ruwa ba ya kashe shi, taruwa yake a ƙasa, ya shiga latas da alayyahu, mu saya a kasuwar 'Yankaba mu kai wa iyalinmu. Wannan yana hana ni barci, Allah shi ne shaida.

Shi kuma ɗan'uwan da ya tambaya ko najasa ne, na faɗi yadda ake samunsa, hukunci kuma na malamanmu ne, a kai musu.

Kawu, in har wani ya kawo maka, kada ya taɓa tumatirinka tukuna. Ɗebi kwalba guda da ƙasar gonar, mu kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero a auna. Ranar Asabar bayan azahar ina gida, ka turo yaro da su. Na gode, a gaida Hajiya. Sai da safe.