Kafin ku toshe wa na ƙarshen kanal ruwa, ku fara auna abin da ke isa gonarsu

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka. Ka ce ku 40 ne a kan ƙaramin kanal ɗaya a yankin Kadawa ta jihar Kano, mutum 9 da gonakinsu ke can ƙarshe sun daina fitowa yashe kanal, sun daina biyan kuɗin ƙungiya, shugabanni kuma suna so a toshe musu ruwa, a ƙaurace wa sunansu da bikinsu har sai sun dawo hanya. Don Allah ku dakata tukuna.

Duk cikinku babu wanda ya kai na ƙarshe buƙatar a yashe kanal. Na sama ko laka ta cika kanal zai samu ruwa. In har wanda ya fi kowa buƙata ya ajiye shebur, to ya yi aikin ya gaji ne bai ga ruwa ba. Ruwan nan daga dam ɗin Tiga yake tasowa, ya biyo babban kanal, a rarraba shi zuwa Bunkure, Garun Malam da Kura, kuma a kowane mataki na sama ke fara ɗiba. Da ya shigo naku wanda ba siminti, ƙasa ta sha nata, ramin ɓera ya sha nasa, kachala ta rage masa gudu. Na farko zai cika fangalinsa cikin ɗan lokaci, na ƙarshe ya kwana da tocila yana jira, tumatirinsa na zubar da fure. Sannan a ce kuɗinsu ɗaya, aikinsu ɗaya.

Ku tabbatar da haka da idonku. Ku ɗauki mutum 2 daga sama, 2 daga ƙasa, da mai unguwa. A bakin kanal ku auna tsawon mita 10, ku jefa guntun kara, ku ƙirga daƙiƙa nawa ya yi kafin ya wuce, ku tsoma sanda ku yi alamar zurfi. Ku maimaita a tsakiya da ƙarshe, kwana 3, har da dare ɗaya. Ranar da na sama ya ga karan ya tsaya cak a ruwan da bai rufe tafin hannu ba, gardama ta ragu.

Daga nan sai gyaran rabo. Mako yana da awa 168. Misali in gonakinku duka eka 56 ne, kowace eka awa 3 ke nan. In ba kullum ake sako muku ruwa ba, ku raba awannin da kuke samu. Lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya cika kanal ya isa ƙarshe kada a lissafa shi cikin rabon kowa, a cire shi tun farko. Ban ruwan dare ya riƙa zagayawa, domin a wurare da yawa talaka ake bar wa dare kullum. Mako guda a fara daga sama, mai zuwa daga ƙasa. Yanka wa na sama iyaka yana da asali: a Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito hukuncin Annabi (SAW) kan ruwan kwarin Mahzur da Muzainib na Madina, cewa na sama ya riƙe har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. An ba shi farko, amma an yanka masa iyaka.

Kuɗin ƙungiya da aikin yashewa su ma a bi eka, ba kai ba. Mai eka 8 ya biya daidai da mai rabin eka zalunci ne, ko da an rubuta shi a takarda. Ku auna kanal da igiya, ku yanka wa kowa mitocinsa. Mai gona babba ya kawo lebura. Wanda ya karɓi gona haya ma a ba shi bakin magana a taro, tunda shi ke riƙe da fartanya, mai gonar yana birni.

Abin da ya fi damuna a shirinku shi ne ƙauracewar. Ku tambayi kanku, akwai mai gona babba a sama da ke jefa tiyon inji cikin kanal ba ranarsa ba? An taɓa ƙaurace masa? Da wuya, saboda rabin ƙungiya wurinsa suke cin bashin taki. Hukuncin da ba ya hawa kan kowa sai marar ƙarfi, kowa zai gane. Wanda aka mai da saniyar ware ba ya dawowa da biyayya. Da dare zai fasa gefen kanal ko ya ɓalle kwaɗon ƙofar ruwa, ya ja wasu su bi shi. Kuma gaba tana wuce gona, ta shiga gida, ta taɓa aure da zumuncin yara. Ga shi an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3.

Hukunci dole ne, amma hawa-hawa, bayan an gyara rabo. Karo na farko mutum 2 su same shi a gona su yi masa magana, ba a bainar jama'a ba. Na biyu tara, daidai kuɗin lebura na wuni ɗaya, a ɗauki wani ya yi aikin da ita. Na uku ya rasa ban ruwa ɗaya tak, kuma ba lokacin da alkama ke fitar da kai ko tumatir ke fure ba, domin nan kashe masa shekara ne. In ya ƙi, a kai gaban dagaci, sannan ofishin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are. Shugaban da aka kama yana satar ruwa tararsa ninki biyu.

Su mutum 9 ɗin, ku aika musu dattijon da suke jin kunyarsa, ba sakatare da littafin bashi ba. A ba su kujera 2 a kwamiti, ɗaya ya riƙe makullin ƙofar ruwa tare da wani na sama. Bashin baya a jira girbi, a karɓa da hatsi kaɗan-kaɗan, a yafe na makonnin da awo ya nuna ba su samu ruwa ba. Littafin kuɗi kuma a riƙa karanta shi da ƙarfi a kowane taro, saboda waɗanda ba su yi boko ba.