Wace na'urar gem ta hannu ta dace da yaro ɗan shekara huɗu?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya mana yaron nan, ya yi masa albarka. Kin ce shekararsa huɗu, yana nazare a nan cikin Katsina, ya addabi wayarki, kina son ki saya masa tasa na'urar ta wasa wadda zai riƙa koyon wani abu a ciki. Kin ce an nuna miki iri uku: ƙaramin gem mai wasanni ɗari huɗu, da wata Leapster ta gwanjo, da tablet ta yara mai rigar roba. Kina tambaya wanne za ki ɗauka.

Abin da za ki fara dubawa shi ne abin da ke cikin na'urar, tun kafin launinta da kyan kwalinta. Akwai abin koyo a ciki? In ya gama da shi, za ki iya ƙaro wani daga nan inda kike? In ta lalace, akwai mai gyara? Da waɗannan tambayoyi uku za ki auna kowacce.

Gem mai ɗari huɗu ki cire shi daga lissafi. Tsofaffin wasannin tsalle da harbi ne na shekarun 1980 aka zuba a ciki, da yawansu maimaici ne da aka sauya wa suna. Babu harafi, babu ƙidaya, kuma saurinsu ya fi ƙarfin yatsun ɗan shekara huɗu. Zai yi ta faɗuwa, ya fusata, ya jefar.

Leapster kuwa na'ura ce ta gaske, don koyo aka yi ta. Kamfanin LeapFrog na Amurka ya fitar da ta farko a 2003, sai Leapster Explorer a 2010, sai LeapPad Explorer a 2011, sai LeapsterGS a 2012. Jikinsu na da ƙwari, suna jure faɗuwa, babu talla, kuma wasannin suna rage wuya idan yaro yana yawan kuskure. Amma akwai tarko a nan, kuma iyaye da dama sun faɗa. Waɗannan na'urori da kaset suke aiki, wato ɗan ƙaramin abin da ake zurawa, kowane kaset da wasansa. Kaset ɗin Leapster ta farko ba ya aiki a Explorer, na Explorer ma ba ya aiki a ta farko. Na Explorer dai yana aiki a LeapsterGS da LeapPad masu ramin kaset. Haka MobiGo da InnoTab na kamfanin VTech, kowacce da nata. Mai gwanjo sau da yawa dila ya buɗe, na'ura ta fito daban, kasusuwa daban, ya haɗa miki su a leda ɗaya ba tare da shi kansa ya san ba sa shiga juna ba. Saboda haka kada ki biya sai an zura kowane kaset a gabanki ya buɗe. In babu kaset ko ɗaya, ko guda ɗaya ne tak, ki haƙura da ita, domin cikin mako biyu zai haddace wasan, kuma ba abu ne da za ki shiga Babbar Kasuwa ki tambaya a miƙo miki ba. Kada ki yarda da "ai ana saukewa a intanet" a kan na'urar da ta haura shekara goma.

In ta zo da kaset uku ko huɗu na shekarunsa, ki buɗe murfin batir ki leƙa. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan ciki alama ce batir ya taɓa zuba. Kaɗan ne, ana goge shi da auduga da ruwan lemon tsami a bar shi ya bushe. In ya cinye ƙarfen har ya karye, a bar ta. Ki taɓa kusurwoyi huɗu na fuskar da ɗan alƙalaminta, domin fuskokin nan irin na dannawa ne, kuma gefe ne ke fara mutuwa. Sai maganar batir: tsofaffin suna cin AA guda huɗu. Batir mai araha na rediyo da tocila ba ya riƙe su, na'urar za ta yi ta mutuwa ana tsakiyar wasa har ki zaci ta lalace. Ki sayi masu caji guda takwas, irin NiMH mai kimanin 2000mAh, da cajarsu. Huɗu na ciki, huɗu na jiran a kawo wuta. In an haɗo ta da caja daga Amurka, ki karanta jikin cajar. Wadda aka rubuta 120V kaɗai za ta ƙone da zarar an jona ta, domin wutarmu 230 ce. Sai an ga 100–240V.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Turancin ciki na Amurka ne. Harafin da malamarsa ke kira "zed", na'urar za ta ce "zi". Wasan ƙirga kuɗi da dala da sulallan can ake yin sa. Umarnin kuma duk da baki ake bayarwa, da sauri. Yaron da Hausa yake ji a gida zai bar saurare ya koma danne-danne har ya dace da amsa, ke kina daga nesa kina jin na'ura tana yi masa tafi, kina murna. Wannan ba koyo ba ne, kuma shi ya fi damuna a duk wannan harkar.

Wasu za su ce ki nemi gem na kamfanin Nintendo. Samfurinsu 2DS ta 2013 tana da ƙwari tunda ba ta ninkewa, amma an daina ƙera dangin nan a 2020, an rufe shagonsu na intanet a Maris 2023, kasusuwan Amurka ba sa aiki a na'urar Turai, kuma yawancin wasannin sai wanda ya iya karatu. Ki bar ta sai ya kai bakwai ko takwas.

Ra'ayina, ga ɗan shekara huɗu zuwa shida a garin nan, tablet ta Android ta fi, amma ba lallai wadda aka zana wa zomo a kwali ba. Yawancin masu sunan "ta yara" da babu sanannen kamfani a bayansu, an kashe kuɗin a riga an tsuke a ciki. Gara tablet ta manya mai inci 7 ko 8 daga kamfanin da masu gyaranmu suka sani, ki saya mata rigar roba mai kauri da gilashin kariya. Dalili: fuska ce ke fashewa, bakin caji ne ke lalacewa. In samfurin sananne ne, ko babu kayan a Katsina, mai gyara zai aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a kawo. In maras suna ce, ranar da ta fashe ta zama faranti.

A shagon, ki sa a kunna ta. RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, kada ya gaza 3GB in da hali, 2GB shi ne ƙarshen ƙasa; ma'ajiya 32GB zuwa sama, da ramin memori. Kada ki gaskata kwali, domin akwai waɗanda ake rubuta musu manyan lambobi na ƙarya har a cikin saitin. Ki sa a sauke manhajar CPU-Z a gani. Ki buɗe Play Store, ki shiga Settings, sai About, ki duba ƙasa wajen Play Protect: in an ce ba a tantance na'urar ba, ki ajiye ta, wasu manhajojin ba za su sauku ba, wasu irin waɗannan kuma da tallace-tallace suke zuwa tun daga masana'anta. Ki karkata fuskar hagu da dama. In launi ya dushe ko ya yi duhu, fuska ce mai arha, kuma yaro ba ya zama daidai gaban abu. Bakin caji ya zama USB-C, mai shiga ta kowane gefe, saboda tsohon bakin nan yara na cusa shi a juye su karya harshensa. Tablet ɗin Amazon Fire ta yara tana da inganci, sai dai ba ta zuwa da Play Store, kuma yawancin abin cikinta sai an riƙa biyan kuɗin rajista da katin banki. Garantin shekara biyu da ake tallata ta da shi, ki tambayi mai shago wa zai cika miki shi a nan.

Yanzu abin da za a zuba. Manhaja huɗu ko biyar sun isa. In sun kai ashirin, tsalle zai riƙa yi daga wannan zuwa waccan. Khan Academy Kids kyauta ce, babu talla, an yi ta don 'yan shekara 2 zuwa 8, kuma ana iya sauke wani sashe a yi amfani da shi babu data. GCompris tana da ayyuka fiye da ɗari na ƙidaya, launi, siffofi da tunani, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke. Feed the Monster tana koyar da sautin harafi da haɗa baƙi, kuma tana da ta Hausa. African Storybook na da labarai da Hausa masu hotuna da za ku karanta tare. ScratchJr ki ajiye sai ya kai biyar. Ki ba Hausar muhimmanci: yaro ya fi saurin gane cewa harafi sauti ne idan kalmar da ya haɗa ya san ma'anarta. In ya haɗa "ba" da "ba" ya ji Baba ya fito, fuskarsa kaɗai za ta gaya miki. Ki dai lura masa cewa c ta "ciki" daban take da c ta Turanci, kuma ɓ, ɗ, ƙ namu ne. Na haruffan Larabci da gajerun surori akwai su da yawa, amma ki saurara da kanki ko ki ba malaminsa na Islamiyya ya ji, domin wasu furucinsu ba daidai ba ne.

Gwajin manhaja mai sauƙi ne. Ki zauna da ita minti goma, ki riƙa ba da amsar kuskure da gangan. In ta nuna miki inda kika kauce, ko ta sauƙaƙa tambayar, mai koyarwa ce. In ta bar ki kina ta dannawa har ki dace, ko talla ta faɗo, ko ta ce a sayi wani abu kafin a wuce, ki goge.

Kafin ta shiga hannunsa: kada a sa mata layi. A sauke komai lokaci guda, a sa ta a yanayin jirgin sama, a goge lambar Wi-Fi ɗin gida daga cikinta. Ki buɗe masa asusun yara ta Family Link, manhajar Google ta iyaye, ki tsayar da lokacin da za ta kulle kanta. Ki kunna App pinning a sashen tsaro na saitin, shi ke maƙale manhaja ɗaya a fuska ta yadda ba zai fita ba sai da lambar sirri. YouTube da burauza a rufe. Inda aka nemi sunan yaro da hotonsa da ranar haihuwa, laƙabi ya isa. A Nuwamba 2015 an yi wa VTech kutse aka kwashi bayanan yara sama da miliyan shida, kuma babban kamfani ne.

Lokaci: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a ba shi allo, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka ya fi. Awa ɗayar nan har da talabijin da wayarki. Ki raba ta biyu, minti ashirin zuwa talatin bayan ya dawo makaranta ya ci abinci, sauran bayan Islamiyya, kuma a ajiye ta aƙalla awa ɗaya kafin barci. In da ƙaninsa na goye, a nisanta shi. Ki zauna kusa ko da kina tsinke alayyahu ne, ki riƙa tambaya: nawa ne waɗannan? Ya ƙirga mangwaro biyar a allo, ki miƙo masa murafen kwalba ki ce ya ware miki biyar. In ya kasa, ba a gane ba tukuna, a koma baya. Fensir da takarda kuma ba a barin su, domin ja da yatsa a gilashi ba ya ƙarfafa hannu yadda riƙon fensir ke yi.

Yanayin garinmu ma na kashe na'ura. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, batirin lithium kuma ba ya son zafi. Kada a bar ta a mota ko a kan taga, kada a yi caji ƙarƙashin matashi, kada ya yi wasa da ita tana jone. Rigar roba mai kauri na riƙe zafi, a cire ta lokacin caji a bazara. Idan kika ga fuska ta fara ɗagowa daga gefe, batir ne ya kumbura: a kashe, kada a danna, a kai wa mai gyara. Da hunturu ƙura ke cika bakin caji har caja ta daina zama. Tsinken sakace da na'ura a kashe ya isa, ban da allura. Lokacin da aka tada janareta ko aka dawo da wuta, a bari ta daidaita kafin a jona, ko a riƙa cajin daga fawa bank.

In kika haɗa masa da allon rubutu na lantarki mai maɓallin gogewa, abu ne mai kyau da araha, amma ki tabbata murfin batirinsa da noti yake ɗaure. Batirin ɗan faifai ne kamar kwabo, irin CR2025 ko CR2032, kuma in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, asibiti kai tsaye, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama.