Me Ya Haɗa Mujalla da Gidan Harsashi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a labaran Turanci an ce an kama wasu da bindiga da "magazine" uku. Mu kuwa a makaranta an koya mana cewa mujalla ake nufi da kalmar. Ko mai karanta labaran ne ya yi tuntuɓen harshe?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yar'uwa, bai yi tuntuɓe ba, malaminku ma bai yi kuskure ba. Kalmar ɗaya ce, kuma na daɗe ina son a tambaye ni ita, domin asalinta Larabci ne. Balarabe yana kiran ɗakin ajiya "makhzan", jam'insa "makhazin". Ta hanyar fatauci kalmar ta shiga bakin mutanen Italiya, ta bi ta Faransanci, ta isa Ingila a ƙarni na 16. Har gobe Bafaranshe "magasin" yake kiran kanti.

Da ta shiga Turanci, ma'anarta sito ce, musamman inda sojoji ke tara albarushi da makamai. Daga baya sunan ya sauka a kan ɗan akwatin nan da ake cika wa harsashi a maƙala wa bindiga. Shi kika ji an ce an kama guda uku.

Mujallar fa? A 1731 wani maɗaba'i a Landan, Edward Cave, ya fara fitar da The Gentleman's Magazine duk wata. Nufinsa ga rumbu an tara wa mai karatu labarai da waƙoƙi da muhawara wuri guda. Sunan ya bi irin wannan bugu har yau. Ni dai ina ganin ya iya raɗa suna. Ina da kwali cike da tsofaffin mujallu, gefen takardunsu duk ya yi ja, kuma ban taɓa buɗe shi na rasa abin ɗauka ba.

Idan makusantanta kike nema, akwai "periodical", wato duk abin da ake bugawa lokaci-lokaci, da kuma "journal". Amma ki kula da ta biyun. Tushenta kalmar Faransanci ce mai nufin yini, yau kuwa an fi jin ta a kan mujallar masana ta bincike ko littafin da mutum ke rubuta al'amuransa na kullum. Babu ɗaya cikin biyun da za ki ɗora wa bindiga.