Ku Tambaya Mu Amsa: Muna so mu haɗa taron masu kodin a Garwa amma ba mu da ko sisi

TAMBAYA: Salam Yaya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Garwa, mu bakwai ne muna da guruf a WhatsApp muna koyon Python, wato wani harshen rubuta manhaja, da haɗa shafukan intanet tare, shine muka ce me zai hana mu haɗa babban taron masu rubuta manhaja na arewacin Kamaru gaba ɗaya, kwana uku, a zo daga Marwa da Ngaundare har Njamena. Amma gaskiya ba mu da ko sisi, duk aikin sa kai ne, kuma wata biyu kenan muna ta gardama a kan suna da logo. Dan Allah ta ina ake farawa, kuma ya za mu yi mutane su zo? Ƙaninka daga Garwa.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena, wallahi saƙonka ya min daɗi, don yankinmu na buƙatar irin wannan taro. Jami'ar Marwa tun 2008 take, ta Garwa an ƙirƙiro ta a 2022, ga ta Ngaundare can a Dang da ta daɗe tana yaye masu ilimin kwamfuta, amma in ana maganar taron masu kodin sai ka ji Duwala ko Yawunde ko Buea, yaron da ke Marwa kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi zuwa. To niyyarku mai kyau ce. Sai dai zan faɗa maka gaskiya, kwana uku ya muku yawa a karon farko. Ku yi yini ɗaya, ɗaki ɗaya, mutum 60 zuwa 80, ku yi shi da kyau. PyCon, wato taron masu Python, na farko da aka yi a Washington a 2003 wajen mutum 200 ne kawai suka je, PyCon Africa ma sai a 2019 aka yi na farko a Accra, bayan ƙasashe irin su Namibiya da Najeriya da Ghana sun riga sun yi nasu na cikin gida sun gane hanya.

Maganar logo ku rufe ta yau ɗin nan, ku ba mutum ɗaya ya zana, abin da ya kawo a karɓa. Abin da ke maida hira ta zama taro shine rana da ɗaki, in babu su duk sauran surutu ne. Wajen zaɓen rana kun fi ni sanin Garwa, Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ka tara mutum 70 da laftof a ɗaki in wuta ta ɗauke ba mai sauraron kowa. Damina kuma hanya ce matsalar baƙi. Ni da zan zaɓa muku sai in ce tsakanin Nuwamba da Janairu, ranar Asabar, ku duba kalanda kar ya faɗa cikin azumi ko satin sallah ko Kirsimeti ko lokacin jarrabawa, kuma ku ba kanku aƙalla wata huɗu. Ɗaki ku nema a makaranta ko jami'a ta hannun wani malami da ya yarda da ku, shi zai shige muku gaba wajen shugabanni, kuma ku karɓi amincewar a rubuce da hatimi, kar ku tsaya a "ba damuwa ku zo" na baki. FOSDEM, babban taron masu rubuta manhaja da ake yi a Brussels duk shekara sama da shekara 20, dubban mutane ke zuwa, kyauta ne ko rajista ba a yi, ƴan sa kai ne ke ɗauke da shi kuma a azuzuwan jami'a ake yinsa, to ba abin kunya ba ne taronku ya kasance a aji.

Kar ku manta da hukuma. Dokar taruka ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a sanar da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, aƙalla kwana uku kafin taron jama'a, amma ku kai takardarku sati biyu kafin lokaci ku karɓi rasit ku ajiye kwafi a hannun wanda ke bakin ƙofa.

Yanzu inda nake so in daɗe, ku bakwai ɗin nan. Irin wannan taro ba kuɗi ne ke fara kashe shi ba, gajiya ce, mutum ɗaya ko biyu su ɗauki komai a kansu sauran suna turo sitika a guruf, ana saura sati biyu wanda ya ɗauki kayan ya yi fushi ya kashe waya. Don haka kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa, ba "kwamiti" ba, sunan mutum. Wane ɗaki da wuta, wance masu jawabi, wane kuɗi, wane talla, wane abinci da ruwa. Ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a sati na rabin awa, kowa ya faɗi abin da ya gama da inda ya maƙale, kuma ku yi alkawari tun yanzu cewa duk wanda aiki ya fi ƙarfinsa ko gida suka buƙace shi zai faɗa da wuri ba tare da an ga laifinsa ba, don ɗan sa kai ba albashi yake karɓa ba, in ka kunyata shi sau ɗaya ba ka ƙara ganinsa. A ranar taron ma ku raba lokaci yadda mai tsaron ƙofa zai samu ya zauna ya saurari jawabi ko biyu, shi ma don ya ƙaru ya zo.

Masu jawabi kuwa kar ku sa sanarwa ku zauna jira, mutanenmu akwai kunya, kowa gani yake bai kai ba. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haɗa wa wani kantin magani manhajar lissafin kaya, wadda ta yi aikin kammala karatu a kan farashin hatsi ko auduga, wanda ya san yadda ake haɗa biyan kuɗi ta waya da shafin intanet, waɗannan su ne taronku, minti 20 kowa, ku zauna da su su gwada jawabin a gabanku kafin ranar. Ku bar awa ɗaya na gajerun jawabai minti biyar biyar ga masu jin tsoro. Baƙo daga kudu ɗaya ya isa in da hali, ku tuna jirgin ƙasa daga Yawunde a Ngaundare yake tsayawa, sauran tafiyar mota ce, sai an tanadar masa masauki. Harshe kuma kar ku takura, allon jawabi da Faransanci, bayani mutum ya yi da wanda bakinsa ya fi sakewa, Hausa ko Fillanci ko Turanci, a samu mai taƙaitawa.

Kuɗi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku fara haɗa naku ko jaka bibbiyu ne, sannan ku rubuta kasafi na shafi ɗaya: man janareto, hayar furojekta, dogayen soket, ruwan sha mai yawa, abincin rana, data. Da wannan takardar za ku shiga wurin ƴan kasuwa da masu shagon kwamfuta, kuma ku roƙi kaya maimakon kuɗi, wani ba zai ba ka jaka hamsin ba amma zai ara maka janareto ko ya kawo ruwa. Ku sa ɗan kuɗin shiga kamar sefa 500 ko 1000 ta Orange Money ko MTN MoMo, wanda ya biya ya fi zuwa, kuma za ku san abincin mutum nawa za a dafa. Duk abin da ya shigo da wanda ya fita mutum biyu su sa hannu, bayan taro ku wallafa lissafin kowa ya gani.

Talla ita ce mai sauƙi in an yi sauran. Fosta ɗaya mai rana da wuri da lambar waya, ku bakwai da masu jawabi kowa ya sa a status, duk sati ku fitar da hoton mai jawabi ɗaya da abin da zai koyar. Amma abin da ya fi Facebook aiki a nan shine ƙafa, ku shiga azuzuwa da izinin malami ku yi magana minti uku, ku kama shugabannin aji, ku je rediyon gari a shirin matasa. Saura kwana uku ku kira duk wanda ya yi rajista a waya.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce a Marwa, ina son zuwa irin waɗannan taruka amma duk maza ne, kuma a gida ba za a bar ni in kai dare ba. Ƙanwarka.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kuma wannan gyaran na masu shiryawa ne, ke ba ki da laifi. Ƙanena na Garwa ka ji da kunnenka: a fara da safe a tashi kafin magariba, a ware lokacin sallah da wurin alwala na mata, a buga takardar gayyata mai hatimin makaranta da yarinya za ta nuna wa iyayenta, a sa mata cikin masu shiryawa da masu jawabi, kuma a sanar tun a buɗe taro wa za a kai wa ƙara in wani ya yi rashin ɗa'a. Ke kuma ki nemo ƙawaye biyu ku je tare. Akwai Django Girls da aka fara a Berlin a 2014, bita ce ta yini ɗaya kyauta da ake koya wa mata haɗa shafin intanet daga tushe, darasin nasu yana intanet har da fassarar Faransanci, in kun samu aji da masu koyarwa uku ko huɗu za ku iya neman izininsu ku shirya taku a Marwa.