Kuɗin shiga daji da tambayar Yayana na Kano

Yaya, tambayoyi biyu ka haɗa a baki ɗaya. Ka ce wane irin wasa ne wannan da za a kwashi 'ya'yan mutane a kai su daji suna gudu da takarda a hannu, sannan ka ce yaya za a yi mutum ya biya kuɗi kafin ya taka dajin gwamnati a garin da aka haifi ubansa. Ka ƙara da cewa da a Kano ne ba wanda zai yarda, mu Jasawa mun saba da sunkuyar da kai. Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai, kuma tun da ba kai kaɗai ke faɗinta ba, na ga gara in amsa inda wasu ma za su karanta.

Wasan, wanda Turawa ke kira orienteering, ba shi da wuyar bayani. Ana ba yaro taswirar wurin da kamfas. An riga an rataye 'yan tutoci masu fari da ruwan lemo a wurare daban-daban, bayan dutse, bakin rafi, gindin bishiya, an kuma yi wa kowane wuri alama a taswirar. Aikinsa ya same su bi da bi, ya huda katinsa a kowace tuta, ya dawo. Ba a shata masa hanya. Shi zai duba ya ga ko ya hau tudun kai tsaye ko ya zagaya ta kwari, shi ya sa sau da yawa mai natsuwa ke riga mai gudu isowa. Sojojin Suwidin ne suka fara shi a matsayin horo a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta farar hula a Norway a 1897, kuma tun 1961 yana da hukumarsa ta duniya. Mu a nan karatun taswira da kamfas ya zo mana ta makarantar horon shugabanci da ke Shere, wadda kowa ke kira Man O' War saboda a wata gaɓar teku mai wannan suna a Kamaru aka fara ta a 1951. Duk wanda makarantarsa ta taɓa kai shi can yana sakandare ya san sanyin asubar wurin. Duwatsun Shere suna gabas da garin Jos, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma Allah ya yi wurin da duk abin da wasan ke bukata.

To, batun kuɗi. Idan ni kaɗai na sa takalmina na hau dutse, ba wanda ke tambayata ko sisi. Sai dai a wurin da aka kewaye aka sa ƙofa, kamar gandun namun dajin Jos da aka kafa a 1972, can kowa tikiti yake yanka, Birom ne ko Ibo ko Bahaushe. Abin da ka ji an ce mun biya daban ne. Mu mota-mota muke zuwa cike da yara. Tun kafin ranar sai an shiga an rataye tutoci, bayan an gama a koma a kwashe. Saboda haka mukan fara zuwa wurin mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, mutanen Afizere ne, waɗanda kakanninmu ke kira Jarawa. A gaisa, a faɗa masa rana da yawan yara, a ba da abin da aka daidaita. Shi kuma ya haɗa mu da samari biyu ko uku su zaga da mu.

Samarin nan su ne rabin aikin. Su za su ce kada a sa tuta nan, akwai acca ba a yanke ba. Kada a bi ta can, shingen ƙerana ne, ruwanta na taɓa ido ya yi masa illa. Wancan kurmin ba a shigarsa, na al'adarsu ne, ko 'ya'yansu ba kowa ke shiga ba. Mafi muhimmanci su suka san inda tsofaffin ramukan kuza suke, waɗanda ciyawa ta rufe bakinsu ko ruwa ya cika su, kuma ba kowane ke kan taswira ba. Kai ba ka san kududdufin kuza ba, Yaya. Bakinsa a tsaye yake, ba gangare, kuma ba unguwar da ba ta taɓa rasa yaro a irinsa ba. Uban da ya damƙa mini ɗansa da safe, idan na ce masa na ƙi biyan mai nuna hanya don kada a ce na sunkuyar da kai, me kake jin zai ce da ni?

Can inda wasan ya fito ma haka abin yake tafiya. A Suwidin kowa na da haƙƙin ya shiga daji ya yi yawo ko da dajin na wani ne, har a tsarin mulkinsu an rubuta shi, amma masu shirya gasa sai sun zauna da masu ƙasa da mafarauta tukuna. A Ingila mai tafiya da ƙafa yana shiga gandun dajin gwamnati kyauta, sai dai kuɗin ajiye mota, amma ƙungiyar da za ta shirya gasa sai ta nemi izini ta biya. A Amurka taron da ya kai mutum 75 a dajin gwamnatin tarayya sai da takardar izini, idan kuma ana karɓar kuɗi daga masu shiga gasar, to hukuma ma tana da nata. Su ma suna gardama a kan yawan kuɗin, ƙananan ƙungiyoyi na kukan ana tsawwala musu. Amma a ko'ina an bambanta mutum ɗaya mai shan iska da taron da aka shirya.

Ka kuma riƙa cewa dajin gwamnati kamar hakan na nufin ba shi da mai shi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna ne bisa amana, ba ta kori mutanen da suke noma a gindin dutsen tun kafin a san za a yi Jos ba. Gwamna ba ya kwana a Shere. Su ke kwana can, su ke kashe gobarar daji idan ta tashi da rani, su ke ganin baƙuwar fuska su tambaya. Ku da kuke kusa da Katsina kun fi mu sanin abin da dajin Rugu ya zama. Ni dai dajin da ke da idon mutane a kansa, ko da zan biya, ya fi mini wanda ba mai tambayar kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce biyan irin wannan kuɗi ya saɓa wa Hausanci. Fataken da suka yi ta kai jakuna Gwanja suna ɗauko goro, ta yaya suka ratsa ƙasashen mutane har Salaga? Madugu ke shiga gaba ya gai da sarkin gari, ya daidaita abin da ayari zai biya, a bakin kogi a ba da kuɗin fito, sannan a sauka a zango lafiya. Ba wanda ya ce madugu ya zubar da girmansa. Sanin hannun da za a gaisa da shi ne ma ya sa aka ba shi jagorancin. Ko a ƙauyukan Kano, 'yan farauta ba sa faɗa wa dajin wani gari ba sallama. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu mun riƙe wannan tarbiyya ne saboda kullum muna bukatarta. Ku kuma kun daɗe a inda kowa naku ne, daga liman har mai unguwa, sai kuka ɗauka duk wanda ya nemi izini tsoro yake ji.

Kuma mutanen da nake gaisarwa a gindin dutsen ba bare ba ne a wurina, ka sani. Kakanmu ɗaya da kai. Ya bar kakarka a Kano ya hau jirgin ƙasa na Zariya ya zo cin kasuwar kuza, yana sayar wa leburori yadi da goro, ya zauna a Gangare, ya auri tawa kakar 'yar Afizere. Ta musulunta, ta yi sallah har ƙarfinta ya ƙare, 'yan uwanta kuma suka zauna a addininsu. Ba ta taɓa fasa zuwa gaishe su ba. Muna yara takan tafi da mu bayan an yanke acca, mu kwana a ɗakin ƙanenta, matarsa ta ware mana tukunya, kaza kuma sai ta ba babban cikinmu ya yanka da hannunsa. A can na fara sanin cewa kowane dutse yana da suna, kuma mutum kan gane hanyarsa da rafi da inuwar tudu tun ban taɓa ganin kamfas ba. Takan dawo da itace a ka tana tsohuwa, Baba ya yi ta faɗa, ita kuwa ta ce itacen kasuwa ba ya gwate mai daɗi.

Har ta rasu, idan mun zo Kano biki 'yar Jarawa ake ce mata. Ba na ce da mugun nufi ba ne, amma muna ji. Muna jin lokacin da ake dariyar Hausarmu, wai ba mu san ta da ya ba. Muna jin lokacin da aka zo maganar auren ƙanwata aka tsaya ana tambayar asalin uwar ubanta, alhali yaron da ke nema ko izu goma bai haɗa ba, ita kuwa ta sauke. A Jos ɗin nan aka kafa Izala a 1978, kuma ba masallacin Juma'a a Arewa da bai ji tasirin abin ba, ko mutum yana so ko ba ya so. Ka zo Dilimi ko Bauchi Road ko 'Yan Taya ka ga ko akwai abin da Kantin Kwari zai koya mana na ciniki. Muna cin tuwo da miyar kuka, muna kuma shan gwaten acca, ban ga wanda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Yanzu bari in faɗa maka inda ciwon yake da gaske, domin ka taɓa kusa da shi amma ba ka same shi ba. Akwai ranar da muka je wani wuri, ba ƙauyen dangin kakata ba, wasu samari suka tare hanya. Wata makaranta ta wuce gabanmu sun karɓi abu kaɗan. Da suka ji sunayen yaranmu sai kuɗin ya ninka, ba rasit, ba wanda ya aiko su. Wannan ban biya ba, kuma ba zan biya ba. Muka juya, washegari na je wurin mai unguwarsu, dattijon ya ji kunya ƙwarai ya kira su ya tsawatar. Kuɗin da ake sa wa taro saboda taro ne na yarda da shi. Wanda ake sa wa mutum saboda sunansa shi ne abin da muke fama da shi a wannan gari tun kafin a haife ni, kuma ba a daji ya fi yawa ba. Yana wurin takardar indijin, wadda ɗana da aka haifi kakansa a Gangare zai nema a ce ya tafi Kano, ya je Kano a tambaye shi gidan su wa. Yana wurin gurbin karatu da aikin gwamnati. Idan kana son yi mana kishi, a nan muke bukatarsa.

Tun rikicin Satumban 2001, sannan na 2008 da na 2010, gari ya rabe. Akwai yaro a Unguwar Rogo da yake hango Shere kullum daga ƙofar gidansu amma bai taɓa taka gindinsa ba, saboda an ce masa can ba wurinmu ba ne. A can ma akwai yaron da bai taɓa shiga unguwarmu ba. Wannan wasa na cikin 'yan abubuwan da na ga sun haɗa su. Mukan haɗa namu ɗaya da na makarantar coci ɗaya, taswira ɗaya a tsakaninsu, dole su yi shawara, in ba haka ba su ɓata tare. Na ga yaran da suka fita ba sa kallon juna sun dawo suna musu a kan wa ya fara hango tuta, suna karɓar lambar waya. Ba zan zubar da wannan a kan kuɗin da bai kai na keke zuwa da dawowa ba.

Damuwata ɗaya ita ce kada kuɗin ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin iyaye. Hawan dutse ya zama abin yayi yanzu, 'yan Abuja na zuwa ƙarshen mako da manyan motoci, suna ba da abin da suka ga dama, sai farashi ya bi su. Ɗan mai faci a Gangare ba zai iya wannan ba, alhali shi ya fi kowa bukatar ya fita daga lungu ya ga faɗin ƙasar da aka haife shi a cikinta. Shi ya sa mu da malaman ɗaya makarantar muke neman a zauna da masu unguwanni da ma'aikatan gandun daji a rubuta abu ɗaya a takarda: ga na makarantu mai sauƙi, ga na masu zuwa shaƙatawa, kowa a ba shi rasit, a kuma san kason ƙauye da kason da za a sa a dashen itatuwa, domin masu gawayi sun yi wa wasu kwaruruka ƙarƙaf. Dattawan sun karɓi maganar, saura a sa rana.

In kana so ka turo Abba hutun ƙarshen shekara, ka sanar da ni da wuri. Ba ma sa gasa sai an gama yankan acca, kuma sai na kai sunansa tare da na sauran tun kafin ranar. A haɗo shi da rigar sanyi mai kauri da takalmi mai rufe ƙafa, silifas ba ya hawa Shere.